Yadda za ka koya wa zomonka hawa da sauka a keji mai bene

Wanda ya sayi keji mai hawa biyu ko uku yakan saye shi ne da kyakkyawar niyya: zomo ya samu sarari, ya motsa jiki, wurin kwanansa ya rabu da wurin bayan gidansa. Sai a kawo keji, a yi mako guda, a yi na biyu, zomo yana nan ƙasa ko leƙa sama bai yi ba. Wani kuma yakan hau sau ɗaya ya maƙale a can, ya ƙi saukowa sai an sa hannu an ɗauko shi. Daga nan mai shi ya fara cewa zomon rago ne, ko taurin kai ne da shi.

Galibi zomon bai yarda da hanyar ba ne, kuma sau da yawa da gaskiyarsa. Kakannin zomon gida zomayen daji ne na Turai masu haƙa rami su zauna a ƙarƙashin ƙasa, kuma masu cin nama na sama da na ƙasa duk farautarsu suke. Dabba irin wannan ba ta shiga wurin da ba ta san ta inda za ta fita ba. Ga kuma yanayin jikinsa. Tafin ƙafarsa ba shi da tsokar nan mai laushi irin ta kare da kyanwa, gashi ne kawai, don haka katako mai santsi ko roba mai sulɓi zamewa yake a kansu. Idanunsa a gefen kai suke, yana hango kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma abin da ke daidai gaban hancinsa ba ya ganinsa, kuma auna zurfin wuri na kusa yana masa wuya. Ƙasusuwansa ba su da nauyi, ba su wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, alhali ƙafafunsa na baya suna da ƙarfin da idan ya yi shuri a iska ko ya faɗo ba daidai ba, ƙashin bayansa yana iya karyewa. Duk matakan da ke tafe a kan waɗannan abubuwa aka gina su.

Mataki na farko: ka tabbata jikinsa zai iya

Kafin ka taɓa kejin, sake shi a fili ka zauna ka kalle shi. Yana tsalle da ƙafafun baya biyu tare, ko yana jan ɗaya? Yana iya miƙewa tsaye a kansu? Yana kaiwa ƙarƙashin jelarsa ya share kansa? Duba faratansa, domin idan sun yi tsawo suna maƙalewa a tsagar katako, kuma suna hana tafin ƙafa zama daidai. Duba dunduniyarsa ko gashin wurin ya zube fata ta yi ja ko ta yi gyambo. Idan ka ga yana karkata kai, yana tangaɗi, ko ƙafafun baya sun yi rauni, ajiye maganar bene ka kai shi wurin likitan dabbobi. Zomo gwani ne wajen ɓoye ciwo, wani lokaci ƙin hawa shi ne alama ɗaya tak da zai nuna maka.

Zomon da ya yi ƙiba sosai, da manyan irin da ke kai kilo 6 ko fiye, da tsoho wanda gaɓɓansa suka fara ciwo, ba dole ba ne su yi bene. Zomon gida yakan rayu shekara 8 zuwa 12, kuma a rabin ƙarshe na rayuwarsa ƙasa ta fi masa daɗi.

Mataki na biyu: gyara tsanin

Nan ne aikin yake. A ganina mafi yawan zomayen da suka ƙi bene, tsani, wato katakon nan mai gangare da suke bi su hau, shi ne ya kore su, kuma tsanin da ke zuwa tare da kejin sayarwa sau da yawa an yi shi ne don ya shiga cikin kejin kawai, ba a yi tunanin ƙafar da za ta taka shi ba.

Fara da gangarensa. Ɗauki awo ka auna daga daɓen ƙasa zuwa daɓen bene. Tsawon tsanin ya kamata ya ninka wannan tsayin sau biyu: idan benen santimita 50 ne daga ƙasa, tsanin ya kai santimita 100. Wannan zai ba ka gangare na digiri 30, wanda zomo ke hawa da sauka a kansa cikin natsuwa. Idan a wannan tsayin tsaninka santimita 70 ne kawai, gangaren ya kai wajen digiri 45, kuma ga zomon da ke leƙowa daga sama, wannan faɗawa rami ne.

Idan kejin ba shi da wurin da dogon tsani zai shiga, akwai dabaru biyu. Ta farko, ka ɗora gindin tsanin a kan akwatin katako mai faɗi ko bulo mai tsayin santimita 15 zuwa 20. Zomo zai fara tsallawa kan akwatin, sannan ya bi tsanin da yanzu ya ɗan kwanta. Ta biyu, wadda ni na fi so, ka cire tsanin gaba ɗaya ka jera akwatuna biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, su zama matakala. Tsalle daga dakali zuwa dakali shi ne tafiyar da jikin zomo ya sani, tafiya a kan gangare kuwa koyonta yake yi. Sharaɗin shi ne kowane dakali ya ɗauki jikinsa duka har ya iya juyawa a kai, tazarar tsayi tsakaninsu kada ta wuce santimita 20 zuwa 25 ga matsakaicin zomo, kuma kada ɗayansu ya motsa idan ya dira.

Sai riƙo. Shafa tafin hannunka a kan tsanin daga sama zuwa ƙasa. Idan hannunka ya zame, ƙafar zomo za ta fi shi zamewa. Buga siraran sandunan katako a gicciye, kaurin kowanne kamar santimita 1, tazarar santimita 5 zuwa 8 tsakaninsu, gwargwadon girman zomon. Tsakanin sandunan kana iya shimfiɗa buhun algarara ko tabarmar igiya ka kafe ta sosai. Wasu suna sa kafet, kuma yana riƙe ƙafa, amma ka sa ido: idan zomon yana tsinkar zarensa yana haɗiyewa, cire shi nan take, domin yana iya toshe masa hanji. Kan ƙusa ko sukuru kada ya leƙo ko kaɗan, kuma katakon ya zama wanda ba a shafa masa fenti ko maganin gara ba, tunda sai ya gwada shi da haƙori.

Girgiɗi yana korar zomo fiye da yadda mutane suke zato. Danna tsanin da hannu a sama, a tsakiya, a gindi. Idan ya yi motsi ko ya yi ƙara, kafe kansa da sukuru ko ƙugiya, ka tokare tsakiyarsa idan dogo ne. Zomon da tsani ya taɓa motsawa a ƙarƙashinsa yana iya yin makonni bai sake taka shi ba.

Faɗinsa ya fi faɗin jikin zomon, kuma gefen da ba ya jingine da bango a sa masa ɗan shinge mai tsayin santimita 8 zuwa 10. Shingen yana hana faɗuwa, kuma yana sa tsanin ya yi kama da hanyar rami, abin da zomo ke samun natsuwa a cikinsa.

Abu biyu da ake yawan mantawa su ne kan tsanin da gindinsa. Ƙofar da aka huda a daɓen bene ta zama mai faɗin da zai wuce ba tare da ya matse jiki ko ya goge kunnuwa ba, a goge bakinta da samfefa, a kewaye sauran gefunanta da ɗan shinge don kada ya afka ciki yana cikin wasa. A gindi kuma a bar sarari aƙalla tsawon jikinsa. Tsanin da ya ƙare a jikin bango, zomo ba zai sauko ta kansa ba, domin ba ya ganin inda zai dira.

Mataki na uku: benen ya zama wurin da ya cancanci a hau

Daɓensa ya zama katako mai shimfiɗa. Ragar waya tana cin dunduniyar zomo, kuma ganin ƙasa ta cikinta yana tsorata shi. Rufin ya yi tsayin da zai miƙe tsaye kunnuwansa ba su taɓa ba. Sa masa maɓoya, ko da kwali ne, ka huda masa ƙofa biyu, domin zomo ya fi sakin jiki a wurin da ke da mafita fiye da ɗaya.

Ka kuma lura da zafi. Iska mai zafi sama take tashi, kuma rufi ne ke fara shan rana. Zomo ba ya gumi irin namu, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki, kuma idan zafi ya kusa digiri 30 a ma'aunin Celsius yana cikin haɗari. Sa hannunka a benen da tsakar rana. Idan ya fi ƙasa zafi, zomon da ya ƙi hawa ya yi daidai, sai ka matsar da kejin inuwa ka buɗe masa hanyar iska.

A nan zan ɗan tsaya in faɗi abin da ke damuna game da irin wannan keji. Bene ƙari ne, ba ya maye gurbin fili. Ƙungiyar kula da jin daɗin zomaye ta Birtaniya, RWAF, tana ba da shawarar cewa matsakaitan zomaye biyu su samu wurin da bai gaza mita 3 a tsawo, mita 2 a faɗi, mita 1 a tsayi ba. Zomo yana buƙatar gudu a miƙe, kuma hawa uku da aka ɗora a kan ɗan ƙaramin daɓe ba za su ba shi wannan ba. Haɗa kejin da filin wasa, ko ka riƙa sakinsa kullum.

Mataki na huɗu: kai ƙamshinsa sama kafin shi

Zomo da hanci yake sanin nasa. A ƙarƙashin haɓarsa akwai wurin da ke fitar da wani ƙamshi da mu ba ma ji, shi ya sa za ka ga yana goga haɓa a jikin kaya. Sabon katako baƙo ne a wurinsa. Ɗebi ɗan shimfiɗar da ya kwana a kai ka baza a benen. Ɗauki tsumman da ya saba kwanciya a kansa ka goge tsanin da shi daga gindi zuwa kai, sannan ka bar tsumman a cikin maɓoyar sama. A kwanakin nan kada ka wanke tsanin ko benen da sabulu mai ƙamshi. Ranar da ka ga yana goga haɓarsa a gindin tsanin, ya fara karɓarsa.

Mataki na biyar: fara da tsanin a kwance

Idan tsanin yana ciruwa, cire shi ka kwantar da shi a ƙasa inda zomon ke wasa. Watsa 'yan ƙwayoyin abincinsa a kai ka koma gefe. Zai shinshina, ya ɗora ƙafa ɗaya, ya janye, ya dawo. Ƙyale shi. Idan ya fara bi ta kansa ba tare da ɗar-ɗar ba, ɗaga kai ɗaya ka ɗora a kan bulo guda, ka tabbata bai girgiɗa ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu ƙara tsayin, ka sa akwati mai faɗi a ƙarshensa don ya samu inda zai tsaya. A wannan ƙaramin tsayin yake koyon abu biyun da zai buƙata, hawa da saukowa, a inda faɗuwa ba za ta yi masa komai ba. Mutane suna tsallake wannan matakin saboda suna ganin ɓata lokaci ne, alhali shi ne ke rage kwanakin da suka rage.

Mataki na shida: ja shi sama da abin da yake so

Mayar da tsanin wurinsa. Zaɓi lokaci: zomo da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana yake da kuzari, da tsakar rana barci yake so. Minti biyar zuwa goma sun isa a kowane zama, sau ɗaya ko biyu a yini, a lokacin da babu hayaniya, babu kare ko kyanwa a kusa.

Lada ya zama ƙarami, kamar girman farcen ɗan yatsa: ganyen na'a-na'a, ganyen karas, ɗan yankin karas, ko ɗan gutsuren ayaba ko tuffa da aka cire wa 'ya'ya. Kayan zaƙi kaɗan ake ba shi, domin yawansu yana ɓata masa ciki. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ware wani kaso daga ƙwayoyin abincinsa na yini ka yi aikin da su.

Ajiye ɗaya a gindin tsanin. Idan ya ci, ajiye na gaba a sanda ta farko, inda zai kai da miƙa wuya kawai. Na uku a inda sai ya ɗora ƙafafun gaba. Wurin da aka fi daɗewa shi ne inda dole ƙafafun baya su bar ƙasa. Za ka ga ya miƙe jiki iya miƙewa, ƙafafun baya suna nan kafe a daɓe, ya fizgi abincin ya koma. Kada ka matsar da ladan sama sai ya ci na wannan wurin sau da yawa hankali kwance. Idan ya tsaya cak, kunnuwa a kwance a baya, idanu a waje, ko ya buga ƙafar baya a ƙasa, ka yi sauri da yawa. Koma sanda ɗaya baya, ka rufe zaman da abin da ya iya. Sannu ba ta hana zuwa.

A saman tsanin, tun kafin ya kai, ka tanadi abin da ya fi komai daɗi: tarin sabuwar busasshiyar ciyawa da ganyen da ya fi so. Ranar da ya hau, kada ka yi ihun murna, kada ka kai hannu, kada ka rufe ƙofar. Bar shi ya zagaya ya shinshina ko'ina.

Abu biyu ne ba na so ka yi ko da haƙurinka ya ƙare. Na farko, kada ka ɗauke shi ka ajiye a bene don ya saba, kuma kada ka tura shi ta baya. Ɗauka a wurin zomo kamun shaho ce, kuma zomon da aka ajiye a wurin da bai san hanyar fita ba, ko dai ya daskare ko ya yi tsallen da zai ji ciwo. Na biyu, kada ka kwashe abinci da ruwa ka kai sama don yunwa ta tilasta masa. Hanjin zomo dole ya kasance cikin aiki ba tsayawa. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, maganar likita ce ta gaggawa. Busasshiyar ciyawa, wadda ita ce mafi yawan abincinsa, da ruwa, su kasance a ƙasa a kowane lokaci.

Mataki na bakwai: saukowa

Saukowa ta fi hawa wuya, kuma ita ce ke yanke hukuncin ko zai ci gaba da amfani da benen. A hawa ƙafafun baya ne ke tura shi, su ne ƙarfinsa. A sauka kuwa nauyinsa duka yana komawa kan gajerun ƙafafun gaba, kansa yana ƙasa, kuma wurin da zai taka yana daidai inda idonsa ba ya gani.

Yi masa yadda ka yi a hawa, amma daga sama: lada a bakin ƙofar, sannan a sanda ta farko, ta biyu, har ƙasa. Tara ciyawa mai kauri a gindin tsanin don idan ya dira da ƙarfi ta tare shi. Wasu zomayen sukan sauko rabi su tsallake sauran, kuma ba laifi idan wurin dirar yana da laushi kuma ba shi da santsi. Idan ya yi ta leƙowa yana komawa, matsalar gangare ce ko duhu. Ƙasa ta zama da haske daidai yadda zai ga inda za shi.

A kwanakin farko, kada ka tafi ka bar shi a sama ba ruwa ba ciyawa. Idan ya daɗe a can ya kasa sauka, ɗauko shi a hankali, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ɗuwawu, ka manna shi a jikinka. Ba a ɗaukar zomo ta kunne. Sannan ka toshe ƙofar benen, ka koma mataki na biyar, ka sake duba tsanin. Haka nan duk lokacin da ba ka nan, a toshe hanyar sama har sai ka ga da idonka ya hau ya sauko sau da dama shi kaɗai.

Mataki na takwas: ba kowane hawa aikinsa

Idan hawa da sauka sun zama jiki, sai ka daina jera lada a kan tsani, ka bar tsarin kejin ya riƙa kai shi sama. Kwanon bayan gida ya zauna a ƙasa, a kusurwar da shi ya zaɓa, da ciyawa a gefensa, domin zomo yana son ci yana kashi. Ruwa a hawa biyun. Ganyen yamma ka riƙa ajiye shi a sama, tare da maɓoya da abin gwaguya. Idan ya fara fitsari a benen, goge wurin da ruwan khal da aka surka, ko ka sa masa ƙaramin kwano na biyu a can. Idan kejin hawa uku ne, na ukun ya kasance a rufe sai na biyu ya zama gida.

Wani zomon a kwana biyu ya gama, musamman matashi mai son bincike. Wani sai ya yi makonni. Wani kuma zai iya sarai amma ya zaɓi zaman ƙasa, yana hawa jefi-jefi, kuma wannan ba matsala ba ce.

Idan zomaye biyu ne, aikin yakan yi sauƙi, domin mai tsoro yakan bi mai ƙarfin hali. Sai dai ka lura kada babban ya kwanta a bakin ƙofar ya hana ɗan'uwansa wucewa, ko ya ritsa shi a sama. Idan kana ganin haka, a buɗe hanya ta biyu, kuma abinci da ruwa su kasance a kowane hawa. Macen da ta kusa haihuwa a sa mata akwatin sheƙa a ƙasa a rufe benen, domin jarirai sai wajen kwana 10 suke buɗe ido, kuma idan suka fara fitowa a mako na uku ba su san bakin rami ba.

Sau ɗaya a mako ka danna tsanin ka ji ko ya saki, ka duba sandunan ko ya gwaguye su, ka canza shimfiɗar idan ta jiƙe, domin jiƙaƙƙen katako santsi yake yi. Zomon da ya saba hawa sannan kwatsam ya daina, fara duba tsanin da zafin benen. Idan su lafiya lau suke, duba farata da dunduniya, ka lura da cinsa da kashinsa, ka saurara ko yana cizon haƙora da ƙarfi, wanda alamar ciwo ce, sannan ka kai shi likita ya duba bayansa da gaɓɓansa.